Yadda ake gano rezonans na haɗin R-L-C da wayar salula da tsohon balas ɗin neyon

Tambaya guda ce ke ta dawo mini tun farkon sanyin nan, daga ɗaliban lise teknik da na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maradi, har da yaran shagunan gyaran rediyo na bakin babbar kasuwa: malam, wannan rezonans da ake rubuta mana a allo, ta yaya mutum zai gan shi da idonsa alhali ba shi da osiloskop, injin da ke zana siffar sigina a gilashi, ba shi da injin ba da sigina? Amsa ita ce ana iyawa, a kan tabarma ma, ko da an ɗauke wuta. Wayar da ke aljihunka ta isa ta zama injin sigina, sauran kayan kuwa yawancinsu suna cikin tarkacen da ake zubarwa bayan shago.

Abin da za mu nema ga shi a taƙaice. In ka jera rezistans (R) da bobin (L), wato naɗin waya, da kondansater (C) a layi ɗaya, kuran ya bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, bobin na ƙara tare hanya yayin da firekans, wato yawan kai da komowar kuran a daƙiƙa guda, ke hawa, kondansater kuma na ƙara sakin hanya. Akwai firekans ɗaya tak inda tarewar su biyun ke zuwa daidai, kuma da yake jansu kishiyar juna ne, sai su kashe juna, a bar rezistans kaɗai a hanya. Nan kuran ke kai ƙololuwarsa, shi ne rezonans. Wanda ya taɓa taya tura motar da ta maƙale cikin rairayin gulbi ya san abin: a tura, a saki ta dawo, a sake turawa daidai lokacin da za ta yi gaba. In turin ya dace da lilon motar, mutum huɗu sun fid da ita. In bai dace ba, goma ma sai dai su sha zufa.

1. Tara kaya

Bobin: ka nemi tsohon balas na dogon ƙwan neyon mai wat 36 ko 40, irin mai nauyin nan da ake ɗaurewa cikin kwanon fitila tare da sitata. Yanzu da kowa ya koma LED, masu aikin wutar gini na cire su suna yarwa, sau da yawa kyauta za a ba ka. Ka ɗaga shi a hannu: in yana da nauyi kamar guntun ƙarfe, shi ne. In sakayau ne, na lantarkin zamani ne mai faranti a ciki, ba shi muke so ba. Mai nauyin yana da wajen henri 1, ko ya ɗan ɗara, kuma wannan girman ne ya sa na zaɓe shi, don yana sauko da rezonans ƙasa inda ma'auni mai araha ke iya karantawa.

Kondansater: mikrofarad 1, marar fuska, wato wanda ba shi da ƙafar + da ƙafar −. Na leda masu launin ja ko ruwan ƙasa da ke cikin tsofaffin telebijin suna yi. Za ka ga an rubuta 105 a jikinsu, ma'ana 10 da sifiri biyar na pikofarad, wato mikrofarad 1. Wanda aka rubuta wa 104 kashi ɗaya cikin goma ne na wannan, 474 kuma mikrofarad 0.47. Na fanka, baƙin nan mai waya biyu, shi ma ya yi, sai dai yawancinsu 1.5 ne zuwa 2.5, kuma za ka sa lambarsa a lissafi. Sabo bai cika wuce dala ɗari zuwa jaka guda ba.

Gargaɗi: kada ka sa kondansater mai kama da ƙaramar ganga, mai zanen − a gefe. Na kuran mai tafiya hanya ɗaya ne. A nan kuran kai da komowa yake, awonka zai lalace, shi ma zai lalace. Sannan duk kondansater da ka ciro daga fanka, famfo ko telebijin, ka ɗauka da caji a cikinsa. Ka riƙe rezistans na kilo'om 10 da filaya mai roba a hannu, ka taɓa ƙafafunsa biyu na ƴan daƙiƙu kafin yatsanka ya kai gare shi.

Rezistans: om 47 guda ɗaya, zanensa rawaya, shunayya, baƙi. Ka ƙara da na om 470, rawaya, shunayya, ruwan ƙasa, don mataki na 7. Dala biyar ko goma ne kowanne.

Sai tsohon ekuter da kunne ɗaya ya mutu, muddin kan da ke shiga waya na da lafiya. Waya mai ramin ekuter, irin su Tecno, itel da Infinix da ke hannun kowa. Ƴan guntayen waya. Dalma da ƙarfen narka ta. Takarda da biro.

Ma'auni, wato abin auna bolt da om, shi ne ke cin kuɗi, kuma nan mutane ke yin sayen da suke da-na-sani. Ƙaramin nan DT830 da ake sayarwa jaka biyu ko uku, a ɓangaren AC matakai biyu kaɗai gare shi, 200 da 750. An yi shi don wutar gida, ba ya ganin rabin bolt. Wanda ya dace shi ne mai matakin 2 V ko 200 mV a ɓangaren AC, ko mai zaɓar mataki da kansa. Ka tanadi jaka goma zuwa sama, farashin na bin canjin naira tunda mafi yawan kayan daga Kano suke shigowa. In ba hali, ara na yini ɗaya. In DT830 ɗin ne kaɗai gare ka, kada ka fasa, akwai hanyarsa a mataki na 6.

2. Yi lissafi kafin ka taɓa dalma

Wanda ya fara laluben rezonans bai san unguwar da yake ba, zai ɓata awa guda yana hawa da sauka tsakanin 20 da 20,000. Lissafin littafi shi ne f = 1 ÷ (2π√(LC)). Ni ga yadda nake yinsa a shago, ba sai an bi sifirai ba:

f = 159 ÷ √(L × C), L da henri, C da mikrofarad, f da hertz.

Henri 1 da mikrofarad 1 sun ba da 159 Hz. Henri 1 da na fanka mai 2.5 sun ba da wajen 100 Hz. Ƙaramin bobin na milihenri 100, wato 0.1, da mikrofarad 1 sun ba da 503 Hz. Ka rubuta naka a saman takarda. Ba lalle awo ya faɗa daidai kansa ba, amma ka san inda za ka fara nema.

Abin lura: harafin da ke bayan lambar kondansater na faɗin iyakar kuskurensa, J kashi 5 cikin ɗari, K kashi 10. Da yake lissafin na bi ta tushen murabba'i, kuskuren kashi 10 a kondansater na zama wajen kashi 5 a firekans. Don haka in ka lissafa 159 ka sami 151 ko 167, ba ka yi laifi ba.

Kafin ka wuce, sa ma'auni a om ka auna balas ɗin. Za ka ga ƴan gomomi, wajen 40 zuwa 50 a irin waɗannan. Rubuta shi. Wannan tarewar wayar tagulla ce da aka naɗe a ciki, kuma tana cikin R na haɗinka ko ka so ko ka ƙi. Ɗalibai da yawa na mantawa da ita, su lissafa da 47 kaɗai, sannan su ce awo ya ƙi lissafi. In ma'auni ya nuna babu hanya sam, wayar ciki ta tsinke. In ya nuna om biyu ko uku, ta ƙone ta manne. Duka biyun sai a nemi wani.

3. Mai da waya injin sigina

A Play Store ka rubuta generateur de frequence, za ka ga manhajoji kyauta birjik. Ɗauki wadda ke barin ka rubuta lamba da hannu kuma kana iya matsawa da hertz ɗaya-ɗaya. Siffar sigina ka zaɓi sinus, mai lanƙwasa sumul. Mai kusurwa huɗu na ɗauke da wasu firekans a ɓoye cikinta, ninki uku da ninki biyar, kuma za su nuna maka ƙananan tuddai na ƙarya a wuraren da ba rezonans ba ne.

Yanke ekuter ɗin, ka bar wajen kamu biyu na waya daga kan. A ciki za ka tarar da siraran wayoyi masu launi. Launin nan fenti ne mai hana kuran wucewa, shi ya sa in ka murɗa su haka nan ba abin da zai bi. Ɗora ɗigon dalma mai zafi a bakin kowace, ka riƙe har fentin ya ƙone dalmar ta kama. In babu wuta, ƙarfen da aka ɗora kan gawayi na yi, haka muka koya.

Kada ka yarda da launi wajen gane wace ce wace, kamfanoni ba su bin tsari ɗaya. Sa ma'auni a wurin ƙara, ka bi kowace waya zuwa kan. A kai mai gaɓa uku, tsini na hagu ne, na tsakiya na dama, na gindi shi ne na gama-gari. A mai gaɓa huɗu na wayoyin yanzu, tsini hagu, na biyu dama, na uku gama-gari, na gindi na makirfo. Waya biyu kake so: ta tsini da ta gama-gari. Sauran ka naɗe kowace daban da salatif.

Gargaɗi: kada ta hagu da ta dama su taɓa juna, kada kuma ta tsini ta taɓa ta gama-gari kai tsaye alhali sigina na fita. Ƙaramin amfili da ke cikin waya an yi shi don nauyin om 16 zuwa 32, shi ya sa ma na ce 47, don ko a tsakiyar rezonans wayarka ba ta wahala. Cire ta daga caji, ka sa ta yanayin jirgin sama kada kira ya katse ka, ka kashe duk wani abin ƙara bas ko gyaran sauti, don yana ɗaga wasu firekans ya danne wasu.

Yanzu gwaji: sa 159 Hz, ƙara murya har ƙarshe, wayar za ta yi maka kashedin lafiyar kunne, ka amince. Auna tsakanin wayoyin biyu a AC. Galibi za ka ga tsakanin 0.3 da bolt 1. Rage murya mataki ɗaya ko biyu daga ƙarshe, don a can sama wasu wayoyin na aske kan siginar. Daga nan kada ka sake taɓa maɓallin murya har ka gama. Mu ɗauka ka sami 0.5.

4. Haɗa su a jere

Wayar tsini zuwa ƙafar balas ta farko. Ƙafar balas ta biyu zuwa ƙafar kondansater. Ɗaya ƙafar kondansater zuwa rezistans. Ɗaya ƙafar rezistans zuwa wayar gama-gari. Shi ke nan, zobe guda ne, babu reshe. Bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe: in akwai mahaɗar da ƙafa uku suka taru, ka yi kuskure.

Kowace mahaɗa ka sa mata dalma. Murɗe-murɗe da hannu, ga ƙurar hunturu ga tsatsar tsofaffin ƙafafu, na ƙara om biyar yau, ashirin gobe, kuma allurar awonka za ta yi ta rawa ba ka san dalili ba. Ka kankare ƙafafun da reza har su yi ƙyalli kafin dalma. A kan katako ko kwali za ka yi aikin, ba kan teburin ƙarfe ba.

Gargaɗin da ya fi kowane girma a wannan jagora: wannan haɗin ba ya zuwa kusa da firizin bango, wato ramin da ake soka wayar wuta, ko na NIGELEC, ko na janareta, ko na ondilar sola. Ka duba lissafin da kanka. Wutar gida bolt 220 ce a kan 50 Hz. Balas mai henri 1 da kondansater mai mikrofarad 10, irin na injin famfo, 159 a raba da tushen 10, ya ba da 50. Wato daidai kan rezonans. A nan ba abin da ya rage a hanya sai om 40 na tagulla, lissafi ya ce amfer 5.5 za su bi ta cikin abin da aka yi don ƙasa da rabin amfer, kuma tansiyon a kan kondansater na neman wuce bolt 1,700, alhali 400 ko 450 aka rubuta a jikinsa. Ƙarfen cikin balas na ƙoshi kafin a kai can, amma abin da ake kaiwa ɗin ma ya isa ya yi kisa.

Ina faɗin wannan ne da tabo. Ina yaron shago, maigidana ya tafi sallar la'asar, na ce bari in rage wa wani ƙaramin inji ƙarfi, na jera masa balas da kondansater ɗin famfo na soka a bango. Balas ɗin ya yi wani gurnani da ban taɓa ji ba, ya fara tafiya a kan tebur, kafin in kai hannu ga firizin sai ƙara, murfin kondansater ya tsage, wani mai mai wari ya fantsamo mini a hannun riga da wuyan hannu. Maigida ya dawo ya tarar da hayaƙi, bai ce komi ba sai da ya duba idanuna biyu ya tabbata lafiya suke. Sannan ya zaunar da ni ya rubuta 159 a bayan kwalin sigari.

5. Nemi ƙololuwa

Maƙala ma'auni a ƙafafu biyu na rezistans, a AC, matakin 2 V, don ƙololuwa na iya wuce 200 mV. Me ya sa a kan rezistans? Don tansiyon da ke kansa na bin kuran sau da ƙafa: ka raba shi da 47, ka sami kuran. Kada ka sa ma'aunin a matakin amfer cikin layin, yana ƙara tasa tarewar, kuma masu araha ba su karanta ƙaramin kuran na AC da kyau.

Ja layi uku a takarda: firekans, tansiyon kan rezistans, tansiyon da ke fita daga waya. Fara daga nesa, 60 Hz, kana hawa da ashirin-ashirin har 300. A kowane mataki ka jira daƙiƙa biyu ko uku lambar ta zauna. Da haɗin henri 1, mikrofarad 1, da jimillar tarewa wajen om 100, ga abin da lissafi ke cewa za ka gani in waya na ba da 0.5: a 100 Hz wajen milibolt 24, a 159 Hz wajen 235, a 250 Hz ya koma wajen 25. Ninki goma ke nan tsakanin gindin tudu da kansa.

Nan ne gaggawa ke cutar mutane. Tudun siriri ne, faɗinsa bai wuce hertz goma sha shida ba. Mai tsalle da hamsin-hamsin zai auna 100, 150, 200, ya ga na tsakiya ya ɗan fi, ya ce ya samu, alhali gefen tudun ya taka. Da ka ga inda lamba ta fi girma a zagayen farko, koma can ka bi da biyar-biyar, sannan da ɗaya-ɗaya. A saman tudun lambar kan yi kamar ta tsaya, hertz biyu ko uku duk abu guda. Dabarar ita ce ka sami wuri biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, inda ma'auni ya nuna lamba iri ɗaya, ka ɗauki tsakiyarsu.

Layi na uku kada ka raina shi. A kan rezonans haɗin na jan kuran fiye da ko'ina, kuma wasu wayoyin tansiyonsu na ɗan faɗuwa a nan. In ka ga 0.5 ya koma 0.45, ka yi lissafinka da 0.45.

In ka bi daga 60 har 300 ba ka ga tudu ba, abubuwa huɗu nake dubawa bi da bi: fentin wayar ekuter bai ƙone ba, ma'auni na kan DC maimakon AC, kondansater 104 ne aka karanta shi 105, wanda ke kai rezonans can wajen 500 Hz, ko kondansater ɗin fanka ya tsufa ya rage ƙarfi, abin da zafin watan Afrilu na garin nan ke yi musu da wuri. A biyun ƙarshe tudun na nan, sama ya ƙaura, ci gaba da hawa.

6. Auna kan kondansater

Bar firekans a kan ƙololuwa. Ɗauke ma'auni daga rezistans, sa shi matakin 20 V, ka ɗora kan kondansater. Wayar na ba da rabin bolt, amma za ka ga bolt uku, huɗu, har kusan biyar. Na sha ganin yaro ya cire ma'aunin ya buga shi a tafin hannu yana zaton ya lalace. Lafiyarsa lau. Ɗora shi kan balas, za ka ga kusan lamba ɗaya. Yanzu ɗora shi a kan su biyun tare, daga farkon balas zuwa ƙarshen kondansater: ya faɗo ƙasa da rabin bolt. Biyar da biyar sun ba da kusan sifiri, don lokacin da ɗaya ke sama ɗayan na ƙasa. Ɗan abin da ya rage na tagulla ne da asarar ƙarfen ciki.

Lissafinsa: a 159 Hz henri 1 na tarewa da om 1,000, mikrofarad 1 ma om 1,000. Kuran kuwa 0.5 a raba da 100, miliamfer 5. Miliamfer 5 sau 1,000, bolt 5. Ba wani ƙarfi aka ƙirƙiro daga babu ba, ƙarfi guda ne ke kai da komowa tsakanin bobin da kondansater, wayar na cike ɗan abin da ya zube a kowane zagaye. Ninkin nan, biyar a raba da rabi, shi ake kira Q, a nan 10. Wannan ninkin ne ya fasa mini kondansater a bango, shi ne kuma ke kunna ƙwan fitilar ekonomi, inda ƙaramin bobin da kondansater ke ɗaga tansiyon har iskar cikin gilashin ta kama.

Mai DT830, ga hanyarka. Sa shi a 200 na AC, ka ɗora kan kondansater tun daga farko, ka yi laluben mataki na 5 a nan. Nesa da rezonans zai nuna sifiri ko kusa da shi, a kan tudu zai hau zuwa uku ko huɗu. Lambar ba ta da cikakkiyar gaskiya, amma inda ta fi girma nan ne wurin. Wanda ba shi da ma'auni sam, ya sami jajayen LED biyu, ya haɗa su kai da ƙafa, doguwar ƙafar ɗaya da gajerar ɗayan, ya ɗora kan kondansater, ya shiga ɗaki ya rufe taga. Rabin bolt ba ya kunna jan LED, amma da ka iso rezonans za ka ga sun yi ja kaɗan kamar garwashin da toka ta rufe, ka wuce su mutu.

7. Faɗin tudu, da abin da ke canza shi

Mai da ma'auni kan rezistans. Ɗauki lambar ƙololuwa ka ninka da 0.707. In 235 ce, ka sami 166. Sauka ƙasa da rezonans har ma'auni ya nuna 166, rubuta firekans ɗin. Hau sama har ya sake nuna 166, rubuta. A misalinmu wajen 151 da 167 ne, tazara 16. Raba 159 da 16, ka sake samun Q kusan 10. In wannan Q da na mataki na 6 sun zo kusa da juna, awonka mai kyau ne.

Da balas na gaske kada ka yi mamaki in ka sami 6 ko 7. Ƙarfen ciki na cin nasa rabo, kuma ma'aunin om ba ya ganin wannan asarar, sai kuran mai kai da komowa ke tono ta. Kana iya fid da jimillar tarewar ta gaskiya: tansiyon waya a raba da kuran na kan ƙololuwa.

Yanzu cire 47 ka sa 470, ka sake bi. Ƙololuwar na nan inda take, ba ta gusa ba, amma tudun ya baje, faɗinsa ya haura hertz 80, Q ya faɗo wajen 2, tansiyon kan kondansater ya koma kusan bolt ɗaya. R ba ya zaɓar firekans, kaifi kaɗai yake ragewa. Mai da 47 ɗin, ka ƙara wani mikrofarad 1 gefe da gefe da na farko, sun zama 2: rezonans ya sauko 113. Jera su ɗaya bayan ɗaya, sun zama rabi: ya hau 225.

8. Auna bobin da ba a rubuta wa komi ba

Ga mai gyara, nan ribar take. Rezistans na da zane, kondansater na da lamba, bobin kuwa yawanci tsirara yake zuwa, kuma ma'aunin henri ba kowane shago ke da shi ba. Juya lissafin:

L = 25,330 ÷ (f × f × C), C da mikrofarad.

A ce balas ɗinka ya yi ƙololuwa a 145 Hz da mikrofarad 1. 145 sau 145, 21,025. Raba 25,330 da shi, henri 1.2. Rubuta a jikinsa da fenti, ya zama abin awonka. Daga yau duk kondansater ɗin fanka da ka yi shakkarsa, jera shi da wannan balas, nemi ƙololuwa, ka sa L a gurbin C cikin lissafin nan, ya ba ka mikrofarad na gaskiya. Wanda aka rubuta wa 2.5 ya kamata ya tsaya wajen 92 Hz da balas mai 1.2, in ka same shi a 130, ya koma rabin ƙarfinsa, shi ya sa fankar ke juyawa kamar mai jin barci. Amincin wannan awo duka na rataye ne a kan kondansater na farko, don haka ka sa sabo mai harafin J.

Naɗin taransifoma da na rile ma ana auna su haka, sai dai taransifoma lambarsa na canzawa da ƙarfin sigina, don ƙarfensa ba shi da tsagar iska irin ta balas. Ka rubuta tansiyon da ka yi awon da shi kusa da sakamakon. Ƙananan bobin na cikin fitilar ekonomi, masu milihenri biyu ko uku, da mikrofarad 1 rezonans ɗinsu na can wajen 3,000 Hz ko sama. Wayar na iya kaiwa, amma yawancin ma'aunai masu araha daga 1,000 Hz suke fara rage lamba, wasu tun daga 400. Duba takardar ma'auninka ka ga iyakarsa, ka zaɓi kondansater da zai riƙe ka ƙasa da ita. In bobin ya yi ƙanƙanta har ba kondansater marar fuska da zai sauko da shi, wannan aikin osiloskop ne, sai ka ɗauki haɗinka da takardar awonka ka nemi izinin malamin dakin gwaji.